Yadda za ka fara sauraren kiɗan na'ura, daga Mamman Sani har zuwa Detroit

Duk fadar da ka zauna a Maradi in hira ta biyo ta kan kayan sauti, abin da za ka ji shi ne wane sifikarshi ta fi ƙara, wane ya sawo wufa daga Kano, ta wane in ya kunna sai tagar maƙwabta ta kama rawa. Da wuya ka ji wanda ya tambayi mi aka ji a cikin kiɗan. To shi kiɗan na'ura, wato wanda ake haɗawa da sintesaiza da injin ganga da kwamfuta, ba ya jituwa da wannan halin, don hawa-hawa ake gina shi, akwai bas can ƙasa da ƙirji ke ji kafin kunne, akwai ganga, akwai ƙananan ƙararraki da ke yawo daga dama zuwa hagu, akwai wani sauti da ke shigowa a hankali har sai ya cika wuri ba ka san lokacin da ya fara ba. In ka murɗe ƙara har ƙarshe duk waɗannan sai su dunƙule su zama gum-gum kawai, shi ya sa mutane da yawa ke cewa ai kiɗan nan abu guda ne ake ta maimaitawa. Ba abu guda ba ne wallahi, kayan ne da yadda ake saurare suka ɓoye sauran. Ga yadda nake ganin ya kamata mutum ya bi in yana son ya ji abin da ke ciki.

Matakin farko ba sayen komi ba ne, fayil ɗin da ke cikin wayarka za ka duba. Mafi yawan abin da ke yawo a memori da wanda masu turi ke zuba ma mutane MP3 ne mai 128 kbps, wato ma'aunin yawan bayanin sauti da fayil ke ɗauke da shi a sakan guda, ko ƙasa da haka, wani ma an ciro shi daga bidiyo an matse an sake matsewa. Shi MP3 dabararshi ita ce ya zubar da sautin da yake ganin kunne ba zai lura ba don fayil ya yi ƙarami, a 128 yawanci yana yanke duk abin da ya haura wajen 16 kHz, wato sauti mafi siriri na can sama, kuma wurin da ɓarnar ta fi fitowa shi ne ƙananan ƙarafan nan masu cis-cis-cis na saman kiɗa, sai ka ji suna wani shuu kamar an jiƙa su. A waƙar da murya ce kan gaba ba ka cika damuwa ba, amma nan inda sautin shi kanshi shi ne abin saurare, asara ce babba.

Lissafin ba wuya. MP3 mai 128 yana cin wajen mega 1 a minti, mai 320 yana cin mega 2.4, sautin faifan CD wanda ba a matse ba, 1411 kbps ke nan, yana cin wajen mega 10 a minti, wani irin fayil mai suna FLAC kau yana rage wannan zuwa kusan rabi ba tare da ya zubar da komi ba. Wato albam na awa guda a 320 zai ci maka mega 144, a FLAC ka shirya ma 300 zuwa 400. Ni shawarata ka tsaya a 320, ko irin fayil ɗin da ake kira AAC mai 256, ya ishe ka, mutane da yawa masu kaya masu tsada in aka rufe musu ido ba su iya bambance shi da FLAC. Ka ajiye FLAC ma albam biyu ko uku da ka fi ƙauna, ka sauke su lokacin da ka samu wifi ko forfen dare. Abu guda da nake roƙonka, kada ka ɗauki fayil mai 128 ka juya shi zuwa 320 da wata manhaja kana ganin ka gyara shi, abin da aka zubar ya tafi, nauyi kawai ka ƙara ma memorinka. In kana da kwamfuta akwai ƴar manhaja kyauta mai suna Spek, ka jefa fayil ciki za ta zana maka hoton sautin, in ka ga an yanke shi ƙat a layin 16 alhali an rubuta 320 to na jabu ne.

Wajen samowa, Bandcamp ya fi min ko'ina don nan ne ƙananan kamfanonin irin wannan kiɗa suke ajiye kayansu, ana iya saurare kafin a saya, wanda ya saya kuma shi ke zaɓen MP3 ko FLAC. YouTube ya yi don ɗanɗano da neman sabon abu. In abokinka zai turo maka ta WhatsApp ka ce mishi ya turo a matsayin dokiman, in kuna wuri guda kau Xender ko kebul, fayil ɗin zai zo yadda yake.

Sai abin da za ka ji da shi. Sifikar jikin waya ka cire ta daga lissafi gaba ɗaya, ƙanƙantarta ba ta barin ta fitar da bas na ƙasa, wanda ke tsakanin 20 da 60 Hz, kuma rabin daɗin kiɗan nan can yake zaune. In kuɗinka kaɗan ne ka sa su a iyafis mai waya, irin mai robar nan da ke shiga cikin kunne, don a kuɗi guda iyafis ya fi sifika nisa ba kusa ba, ba ruwanshi da ɗaki ba ruwanshi da ɗauke wuta. Akwai na Sin masu arha da masu son sauti a duniya suka yarda da su, irin su Moondrop Chu da 7Hz Zero da wasu na KZ, in kana da mai zuwa Kano ko Legas ko mai odar kaya ka ba shi sunan. In wayarka sabuwa ce ba ta da ramin iyafis sai ka nemi ɗan guntun kebul ɗin nan na USB-C mai DAC a ciki, wato ɗan abin da ke juya fayil ya zama sautin da iyafis zai fitar.

Ga wani ƙaramin abu da ke raba mutum da bas bai sani ba, robar bakin iyafis. Suna zuwa kala uku a kwali, ƙarama da matsakaiciya da babba, kusan kowa wadda ya tarar a maƙale ita yake bari sauran ya watsar. Ka zauna ka gwada su duka. Ka ɗan ja saman kunnenka sama da ɗayan hannun, ka tura robar a hankali, ka saki. In ta zauna daidai za ka ji duniya ta yi nisa, ƙarar kabu-kabun da ke wucewa ta dushe, muryarka ta koma cikin kai, to a nan ne bas zai fito. In iska na shiga ko da ɗan kaɗan ne sautin zai zama siriri ka yi ta zagin iyafis alhali ba laifinshi. Wani ma kunnenshi na dama da na hagu ba girmansu guda ba, ba komi, ka sa ma kowanne tashi.

Bulutut ban hana ba, amma ka san yana sake matse sautin kafin ya aika, mafi yawan kayan arha da dabarar matsewa mai suna SBC suke aiki, masu ɗan dama AAC ko aptX, LDAC na Sony shi ke kai har 990 kbps amma sai waya da iyafis duk sun san shi. Ga kuma caji, mai waya ba ya mutuwa a tsakiyar albam.

Kafin ka kunna komi ka shiga saitin wayar, Tecno ce ko Infinix ko Itel ko Samsung, ka kashe duk wani abin ƙarin bas da na zagaye sauti, ka maida ikwalaiza ta kwanta a miƙe. Wanda ya haɗa kiɗan ya riga ya auna komi, ka fara jin abin da ya nufa tukuna, daga baya in kana son ƙari ka ƙara da saninka. Manhajar saurare kau VLC ta isa kuma kyauta ce tana karanta FLAC, Poweramp ta fi kyau in za ka iya biya. Sannan maganar ƙara, wadda ba wasa a cikinta. Hukumar lafiya ta duniya ta ce babban mutum zai iya jure ƙara mai 80 dB, ma'aunin ƙarfin sauti ke nan, na awa 40 a sati, kuma duk ƙarin 3 dB yana raba wannan lokacin biyu, ka ga abin na gudu da sauri. Ka tsaya wajen kashi 60 cikin 100 na ƙarar wayar. In ka cire iyafis ka ji kunne na ƙugi ko yana wiii to ka wuce gona da iri, kuma jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa. Kada ka sa shi kana bisa babur don Allah.

Yanzu ga inda nake son mu daɗe, mi za ka saurara kuma da wane za ka fara. Ni a ganina daga gida ake farawa, don kunnenmu ba baƙon abin nan ba ne, duk wanda ya tashi da waƙoƙin finafinan Hausa ya tashi da fiyanon Yamaha da gangar na'ura da muryar da aka bi ta kwamfuta. Ka nemo Mamman Sani, albam ɗin La Musique Électronique du Niger, wanda aka ɗauka a Yamai a 1978 ya fito a kaset, kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fito da shi a 2013. Mutum guda ne da ogan ɗinshi ƙirar Italiya mai suna Orla, da ɗan injin ganga na cikin ogan ɗin yana tik-tak a baya. Shekara da shekaru ana sa kiɗanshi a rediyo da talabijin na ƙasa tsakanin shiri da shiri, saboda haka kada ka yi mamaki in ka kunna a gida tsohuwarka ta ɗago kai ta ce ai ta san wannan. Abin da za ka yi a nan shi ne ka bi hannunshi na hagu, wanda ke riƙe da ƙasa yana zagayawa wuri guda, ka ƙyale na dama da ke yin waƙar. In ka iya riƙe hagun har ƙarshen waƙa guda ba tare da daman ya janye ka ba to ka koyi abin da ya fi komi amfani a duk jagorar nan. Za ka ji ɗan shuu na kaset a baya, ba matsalar fayil ba ce, haka aka ɗauke shi, kuma ni ina jin yana ƙara mishi ɗumi.

Daga nan ka wuce wurin Hama, shi ma ɗan Yamai, albam ɗinshi Torodi na 2015 da Houmeissa na 2019, yana ɗaukar salon kiɗan Abzinawa da na karkara ya maida su kan sintesaiza, kuma tun kafin Turawa su san shi kiɗanshi ya riga ya zagaya ta memori da bulutut a wayoyin mutane, wasu suna da shi ba su ma san sunan mai shi ba. Houmeissa shi ne na farko a jerin nan da zai gwada maka ko robar iyafis ɗinka ta zauna. In kana son abin da ke tsakanin wannan da waƙoƙin finafinan Hausa, Anar na Mdou Moctar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008 da gangar na'ura da muryar kwamfuta irin ta situdiyon Hausa, za ka ji maƙwabtakar a fili. Sai ka leƙa William Onyeabor na Inugu, wanda ya rasu a 2017, akwai tarin waƙoƙinshi da Luaka Bop suka fitar a 2013, dogaye ne suna tafiya a kan bas guda har sai jiki ya saki, da Francis Bebey na Kamaru a tarin African Electronic Music 1975-1982. Ina jaddada waɗannan ne don masu cewa kiɗan na'ura na Turawa ne. Tun 1944 wani ɗan Masar, Halim El-Dabh, ya ɗauki sautin taron zar, mai kama da bori, da na'urar ɗaukar murya a Alƙahira ya sarrafa shi, kuma ana lissafa aikin cikin na farko-farkon irin wannan a duniya.

In kunne ya saba sai ka haura Turai ta shekarun 1970. Oxygène na Jean-Michel Jarre, 1976, a gidanshi a Paris ya haɗa shi, kashi shida ne da ke shiga cikin juna, saboda haka kada ka tsallaka, ka bar shi daga farko har ƙarshe, bai wuce minti 40 ba, kafin a sauke shayi na uku ya ƙare. Darasin nan shi ne faɗi, ka rufe ido ka nuna da yatsa inda kowane sauti yake, akwai iska da ke tasowa daga kunne guda ta ratsa kai ta fita ta ɗayan, in ba ka ji tana tafiya ba ka duba ko an sa wayar a mono, wato dama da hagu sun zama guda. Sai Kraftwerk na Düsseldorf a Jamus, Autobahn na 1974 wanda waƙar farko ta haura minti 22, da Trans-Europe Express na 1977, da Computer World na 1981. Su sautinsu tsaf yake, kowane abu da mazauninshi da fili tsakaninsu, shi ya sa suke tona asirin kayan sauti marasa kyau, duk wani ƙazanta da ka ji daga wurinka take.

Sannan ka tsallaka Amurka inda baƙaƙen fata suka ɗauki abin suka maida shi na rawa, salon haus a Shikago wurin su Frankie Knuckles, salon tekno a Detroit wurin samari uku da suka yi makaranta tare a Belleville, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson. Kayan aikinsu injinan kamfanin Roland na Japan ne, TR-808 na 1980 mai gangar nan mai dogon ƙugi, TR-909 na 1983 mai bugu ƙaƙƙarfa, da TB-303 na 1981 wanda aka yi don ya maye gurbin mai kaɗa gitar bas amma bai karɓu ba aka daina yin shi, ya faɗo kasuwar gwanjo da arha, yaran Shikago suka saye suka yi ta murɗa maɓallanshi har ya fitar da wani kuka mai santsi, Acid Tracks na Phuture a 1987 shi ne shaidar. A nan ne mutane ke gajiya su ce maimaici ne, to ka tuna lugude, taɓarya uku a turmi guda kowace da lokacinta, ba wadda ta canza bugu amma in ka tsaya kana ji sai ka ji kiɗan na juyawa, wani lokaci wannan ce gaba wani lokaci waccan. Ka yi ƙidaya, ɗaya biyu uku huɗu, in ka yi haka sau takwas ko sau goma sha shida kusan kullum wani abu zai shiga ko ya fita, ƙaramin ƙarfe ko tafi ko bas ya ɓace ya dawo. Da ka fara hango canjin kafin ya zo shi ke nan ka shiga. Ka gwada da Strings of Life na Derrick May, 1987, za ka lura ba layin bas a ciki ma sam, fiyano da goge da ganga ne ke ɗauke da komi.

Gudun kiɗa ana auna shi da bugu a minti, haus yana wajen 120 zuwa 130, tekno ya ɗan ɗara, amapiano na Afirka ta Kudu da ake ji wurin biki yanzu ya fi su sanyi, wajen 110 zuwa 115, singeli na Tanzaniya wanda Nyege Nyege Tapes na Kampala suka fitar ma duniya yana haura 200. Amapiano ka ba shi dama ta biyu da iyafis ko da ka gaji da shi a sifikar ɗan DJ, ka nemi aikin Kabza De Small, gangar nan tasu mai kama da bugun kututture tana da murya tana hawa tana sauka, a sifikar da aka ƙure ba a jin wannan. Black Coffee kuma, wanda ya ci Grammy a 2022 da Subconsciously, ya dace da mai son abu mai natsuwa.

Na dare daban ne, lokacin da gari ya yi tsit zafi ya ɗan sauka. Music for Airports na Brian Eno, 1978, ba ganga ko guda, a ƙaramar ƙara ake jin shi. Selected Ambient Works 85-92 na Aphex Twin sautinshi ba tsaf ba ne amma waƙoƙin suna zama a kai. Untrue na Burial, 2007, daga Landan, cike yake da ƙaras-ƙaras na tsohon faifai da muryoyi guntu-guntu, da gangan aka sa su. Ni a cikin duk jerin nan shi na fi komawa gare shi, amma ba zan ce ka fara da shi ba, yana son kunnen da ya riga ya saba.

Ka'idar da zan ba ka a nan, albam guda a sati, ka ji shi sau uku aƙalla, na farko ka bar shi ya wuce kawai, na biyu ka bi bas shi kaɗai, na uku ka bi ƙananan abubuwan sama da na gefe. Wanda bai shige ka ba bayan haka ka ajiye shi ba dole, wata shida gaba ka sake leƙawa.

To in ka kai inda kake son sifika a ɗaki, ka fara da sanin cewa lambar nan da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a kwali, 3000W PMPO da makamantanta, ta talla ce, lambar wat da aka rubuta RMS a gefenta ita ce ta gaskiya kuma wat 30 zuwa 50 a kowane gefe ya cika ɗakin kwana har ya yi yawa. Sifika biyu madaidaita da ampili sun fi ƙatuwar guda ɗaya mai fitilu, don guda ba ta ba ka dama da hagu. Ka jera su yadda tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowace zuwa inda kake zama, ƙaramar sifikar sama ta kalli kunnenka, in a tabarma kake zama to ka sauko da su ƙasa-ƙasa bisa ɗan benci. Ka janye su daga bango ko da taƙi biyu ne, kada ka cusa su a lungu don lungu na kumbura bas har ya rufe komi. Ɗakunanmu na siminti suna maido da sauti, ka tafa hannu sau guda a tsakiyar ɗaki, in ka ji wani ziiing ya biyo baya to ka shimfiɗa darduma mai kauri, ka sa labule, katifar da ke jingine a bango ma aiki take yi. Ɗakin ƙasa ya fi na siminti daɗin sauti nesa. In rufin kwano ne ko silin mai sako-sako ka kunna bas ka zagaya kana dafa abubuwa har ka gano mai karkarwa ka cusa mishi tsumma ko kwali. Wayoyin baya kuma ja ga ja baƙi ga baƙi a duka biyun, in ka juya guda bas zai ɓace murya ta rasa tsakiya.

Wuta ita ce mai kashe kaya. Ka sa sitabilaiza, in aka ɗauke wuta ka kashe ampili nan take kada a maido ta same shi a kunne, in janareto aka tayar ka bari ya daidaita tukuna. Wajen kunnawa ampili ne na ƙarshe, wajen kashewa shi ne na farko, wannan ke hana ɗas ɗin nan da ke dukan sifika. In kana jin wani huuum a ƙasa ko ba kiɗa, ƙugin wuta ne mai 50 Hz, sau da yawa daga cajar waya yake in tana jone kana saurare, ka zare ta ka ji, wani lokacin kuma inbata ce mai arha ta sola. Lokacin hunturu ka rufe kaya da zane in ba ka amfani da su don ƙura ce ke shiga maɓallin ƙara ya kama ƙarar-ƙarar, lokacin bazara kau da zafi ke haura 40 ka yaye zanen in yana aiki ka bar mishi iska. Kuma ka san unguwa kake, in an kira salla ka kashe, in dare ya yi ka koma iyafis, akwai mara lafiya akwai mai jariri akwai wanda ba ya sauraren kiɗa sam kuma haƙƙinshi ne kada a cusa mishi.

Ranar da za ka shiga kasuwa sayen sifika ko hedifon kada ka yarda a gwada maka da waƙar mai shago, shi wadda ta fi girgiza wuri zai sa kuma a ƙure. Ka je da wayarka da kebul ɗinka da waƙa uku da ka sani kamar yunwar cikinka. Ta farko don bas, Angel ta Massive Attack daga Mezzanine na 1998, tana buɗewa da bas shi kaɗai a hankali, ka dafa jikin akwatin, in katako ko roba na zizza a tafin hannunka ko ka ji fur-fur daga ramin iska to bar ta. Ta biyu don komi da komi, Giorgio by Moroder daga Random Access Memories na Daft Punk, 2013, albam ɗin da ya ci Grammy har a fannin iya ɗaukar sauti, tana farawa da dattijo yana magana, muryar ta fito kamar mutum na tsaye gabanka ba ta hanci ba, can ƙarshe kuma ganga da sintesaiza da goge duk suna haɗuwa, sifika mai kyau za ta bar ka ka ware kowanne, mara kyau za ta dama su. Ta uku ka sa Mamman Sani ko wata waƙar Hausa da ka tashi da ita, don ita ce kunnenka ba zai yi maka ƙarya a kanta ba.

Ka ce mishi, Alhaji don Allah a ɗan rage, ka ji ta a ƙarar da za ka iya magana da na kusa da kai ba ihu, don a haka za ka riƙa jin ta a gida. In biyu kake kwatantawa ka daidaita ƙararsu sosai kafin ka yanke hukunci, kunne kullum wadda ta ɗan fi ƙara yake ba gaskiya ko da ba ta fi kyau ba. Ka kashe guda ka saurari ɗayar ita kaɗai, ka sauya, ka tabbata ƙaramar sifikar sama na aiki a kowace, a kayan gwanjo ita ce ke fara ƙonewa kuma a hayaniyar kasuwa ba a lura sai ka kai kunne dab da ita. Ka ciro murfin gaba ka duba robar da ta zagaye babbar sifikar ko ta tsage ko an liƙe ta da gam. Sannan kafin ka ƙirga mishi kuɗi ku yi magana a gaban shaida cewa in ka kai gida ka jona ta ba ta yi ba za ka maido gobe.